Daga Alhaki Zuwa Haƙƙi: Ra'in Matantaka Da Ƙagaggun Labaran Matan Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ra'o'in tarken adabi da ake koyarwa a sassan Hausa na manyan makarantunmu, da wuya a sami wanda yake saurin raba kan aji kamar ra'in matantaka, wato abin da Turawa suke kira feminizim. Da zarar an ambace shi, wasu ɗalibai maza sukan ɗauka cewa an zo da wata dabara ce ta raba mata da ɗakunan aurensu. Wasu ɗalibai mata kuwa sukan ja bakinsu su yi shiru, don gudun kada a laƙaba musu sunan marasa kunya. Ƙarshenta sai a haddace ra'in, a ci jarrabawa, a fita, ba tare da an taɓa auna shi da irin rayuwar da ake yi a Azare ko Cinade ko Madara ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi wannan awo. Za mu fara da fayyace abin da ake nufi da matantaka a wannan zamani, sannan mu duba ko tana da saiwa a ƙasarmu. Daga nan za mu nazarci wasu ƙagaggun labarai na Hausa don ganin yadda suka kalli matsalar mace, da kuma inda suka tsaya. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa marubuta mata sun yi nasarar nuna zaluncin da ake yi wa mace, amma mafi yawan lokaci sun bar wa alhaki aikin rama mata. Babban abin da matantaka za ta iya cimma a tsakaninmu shi ne ta mayar da wannan alhaki ya zama haƙƙi, wato abin da mace za ta iya tashi ta nema da ƙafarta, a kuma ba ta.

2.0 Ma'anar Matantaka

A ƙasashen Turai da Amurka, akan faro tarihin wannan aƙida daga littafin da Mary Wollstonecraft ta buga a Ingila a shekarar 1792, inda ta nemi a ba mata ilimi irin na maza. Gwagwarmayar farko ta fi karkata ga ƙuri'a da mallakar dukiya. Matan Amurka sun sami damar zaɓe a 1920, na Ingila kuwa sai a 1928 aka daidaita su da maza a wannan fage. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu sai magana ta koma cikin gida da wurin aiki. Simone de Beauvoir ta Faransa, a littafinta na 1949, ta nuna cewa yawancin halayen da ake cewa na mata ne, tarbiyya da al'ada ne suke dasa su. A fagen adabi kuwa, tun 1929 Virginia Woolf ta yi nuni da cewa mace ba za ta iya rubutu ba sai tana da abin hannunta da kuma wurin da za ta kaɗaita.

Matan Afirka ba su karɓi wannan kaya a ƙulle ba. Sun lura cewa damuwar Baturiya mai wadata daban take da ta macen da ke tafiyar mil biyu kafin ta sami ruwan sha. Saboda haka Chikwenye Ogunyemi a 1985, da Molara Ogundipe-Leslie a 1994, da Catherine Acholonu a 1995, da Obioma Nnaemeka a 2004, kowacce ta fito da nata fasalin. Duk da bambancin sunayen da suka raɗa wa ra'ayoyinsu, sun haɗu a kan cewa macen Afirka ba ta ɗauki namiji a matsayin abokin gaba ba, ba ta ƙyamar aure da haihuwa, kuma ta fi samun biyan bukata ta hanyar sulhu da ciniki da lallashi. Wannan fahimta, cewa matsalar mace tana cuɗe da talauci da jahilci da matsayin gidan da ta fito, ita ce ta bambanta matantakar zamani da ta farko.

Idan muka tace waɗannan bayanai, za mu iya cewa matantaka aƙida ce mai ƙafa biyu. Ƙafa ta farko ita ce mace mutum ce cikakkiya, mai hankali, wadda za a yi wa hisabi ita kaɗai, don haka tana da ta cewa a kan rayuwarta. Ƙafa ta biyu ita ce duk wani tsari da ke tauye ta don kawai ita mace ce, mutane ne suka gina shi, kuma mutane za su iya gyara shi. Bahaushe Musulmi ba shi da ja a kan ƙafar farko. Gardamar tana kan ta biyu ne, domin a nan ake tambayar wane abu ne hukuncin Allah da ba a taɓawa, wane ne kuma al'adar da aka yafa wa rigar addini.

3.0 Saiwarta A Ƙasarmu

Masu cewa neman haƙƙin mata baƙon abu ne da ya zo da boko suna bukatar su waiwayi tarihin masarautar Katagum kanta. Malam Zaki, wanda ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, yana cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi kuwa Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke koyar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Tun kafin jihadi an zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, har ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani a waƙe, kamar yadda ya kawo a Tazyinul Waraƙat. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793-1864), ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato shugabannin mata, suna kai karatu ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulfulde.

Ba daidai ba ne a kira Nana Asma'u 'yar feminizim, domin ba ta san kalmar ba, kuma ba da wannan niyya ta yi aikinta ba. Abin da tarihinta ya tabbatar shi ne tun kusan ƙarni biyu da suka wuce an sami mace a ƙasar nan da ta ga gibi a rayuwar 'yan'uwanta, ba ta tsaya ga addu'a da juyayi kawai ba, sai ta gina tsari mai shugabanni da manhaja. Wannan ita ce ƙafa ta biyu da muka ambata a sama.

A zamanin siyasa, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka saboda neman ƙuri'ar mata da yaƙi da auren dole. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka kuma shiga babban zaɓe a 1979. A 1982 aka yi taron da ya haifar da ƙungiyar WIN a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta kalli matsalar mata ta fuskar tattalin arziki da rabon aji. A 1985 kuma aka kafa FOMWAN a Minna, wadda ta zaɓi ta nemi haƙƙin mata daga cikin Alƙur'ani da Sunna. Waɗannan hanyoyi biyu su ne har yanzu suke gogayya a zukatan matan Arewa masu ilimi, kuma za mu ga inuwarsu a cikin adabi.

4.0 Mace A Ƙagaggun Labarai

4.1 Mahaifiyar Shaihu Umar

Ya dace mu fara daga gida. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933, manazarta sun fi kallonsa ta fuskar jigon bauta da ilimi da haƙuri. Amma idan aka karanta shi da idon matantaka, za a ga cewa wadda ta fi kowa motsi a labarin ita ce mahaifiyar Umar. Shi Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, tun daga Kagara har ƙasar Masar. Ita kuwa da kanta ta yanke shawarar barin gida ta bi sawun ɗanta, ta ratsa Sahara. A Murzuk wanda ta amince da shi ya ci amanarta ya mayar da ita baiwa. Ta kai kuka gaban alƙali, amma ƙarar ba ta 'yanta ta ba. Ta ƙare a Tarabulus cikin wahala, inda ta ga ɗanta, sannan ta cika.

Abin lura a nan shi ne wannan mata ta san tana da haƙƙi, ta kuma san inda ake nemansa. Marubucin bai ɓoye cewa hukuma ta gaza mata ba. Sai dai labarin na Umar ne, shi yake ba da shi ga almajiransa a Rauta, don haka wahalar uwar ta zama wani tsani a hanyar ɗaukakar ɗanta. Sauran littattafan wannan gasa ma maza ne suka rubuta su, kuma an shafe kusan shekara 50 kafin a ji labari daga bakin mace.

4.2 Boɗaɗo Da Abu

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa. Tauraruwarsa Boɗaɗo, Bafillatana, ta furta da bakinta cewa Yasir take so, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne. A al'adar da kunya take hana budurwa ko ambaton sunan saurayi, wannan furuci shi ne sabon abu. Jigon soyayya da ya mamaye littattafan da suka biyo baya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, daga nan ya samo asali. Masu suka sun ga batsa da kwaikwayon finafinan Indiya a cikinsu. Abdalla Uba Adamu da wasu kuwa sun ga cewa a ƙarƙashin kalaman soyayyar akwai tambaya mai nauyi, wato ko yarinya tana da ta cewa a kan wanda za ta zauna da shi har mutuwa.

Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki wannan tambaya ta haɗa ta da ta ilimi a Wa Zai Auri Jahila? (1990). An cire Abu daga makaranta tana ƙaramar yarinya, saurayin da aka sa ran zai aure ta ya guje ta saboda rashin karatu, sannan mahaifinta ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya nuna tarkon da aka ɗana wa yarinyar: waɗanda suka hana ta karatu da waɗanda suka raina ta don ba ta yi karatu ba duk maza ne na gida ɗaya. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana da kimanin shekara 13, ba ta kafa hujja da Turawa ba. Da addini ta ƙalubalanci mahaifin Abu. Wannan ne ya sa manazarci Novian Whitsitt ya kira irin wannan rubutu, tare da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, matantaka ta Hausa da Musulunci.

Tambayar da littafin ya bari a buɗe ita ce ta yarinyar da ba ta da gwaggo a birni. Kuɓutar Abu ta faro ne daga sa'ar samun 'yar'uwa mai hali da ƙarfin zuciya. Ita kuwa sa'a ba a rabonta daidai.

4.3 Rabi Da Gobarar Kasuwa

A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, Balaraba ta shiga tsakiyar gidan aure. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta tara a kan cefane. Ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta, rikici ya ɓarke, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yan. Rabi ta kama sayar da abinci tana ciyar da su tana biyan kuɗin makaranta. Babu inda adabin Hausa ya fi nuna lissafin talaucin bazawara dalla-dalla kamar waɗannan babuka: kuɗin haya, kuɗin magani, kwanon shinkafa, da kayan ɗakin 'ya mace.

Yadda aka warware labarin shi ne abin nazarinmu. Abubuwa biyu ne suka juya al'amura. Na farko, 'yar Rabi, Saudatu, ta auri attajiri mai kirki, Alhaji Abubakar. Na biyu, gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, ya rasa motarsa, Delu kuma ta ci amanarsa. Daga nan dangi da manya suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta, ta koma ba da son ranta ba, ta zama ita ce mai riƙe da gidan. Wannan ƙarshe mai ɗaci ne, kuma muna ganin da gangan marubuciyar ta yi shi haka, domin ta nuna cewa ko macen da ta tsaya da ƙafarta ba a bar mata zaɓi ba. Amma duk da haka, abin da ya durƙusar da azzalumin miji wuta ce da ta tashi a kasuwa. Taken littafin ma ya faɗi haka tun daga bango.

5.0 Alhaki A Kujerar Alƙali

Kalmomin alhaki da haƙƙi daga tushe ɗaya na Larabci suka fito, kuma a maganar yau da kullum sukan shiga wurin juna. Duk da haka akwai bambanci a yadda suke aiki. Alhaki shi yake bin mutum, a lokacin da Allah Ya so, ta hanyar da Ya so. Wanda aka zalunta ba shi da aiki a ciki sai haƙuri da jira. Haƙƙi kuwa mai shi ne yake binsa, yana da adadi, yana da lokaci, yana da wurin da ake karɓarsa.

Duk wanda ya karanci littattafan matan Hausa da yawa, tun daga na 'yan haya a kasuwa har zuwa waɗanda ake turawa ta WhatsApp a yau, zai ga cewa alhaki ne babban alƙalinsu. Mugun miji yakan yi haɗarin mota ko ya karye a kasuwa. Muguwar kishiya takan haukace ko asirinta ya koma kanta. Tauraruwa kuwa, wadda galibi kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa, takan sami wani mai kuɗi ya share mata hawaye. Wannan zubi yana da tushe a imaninmu, domin babu Musulmin da ke shakkar cewa Allah ba Ya barin zalunci. Yana kuma sanyaya zuciyar mai karatu da take cikin irin wannan hali. Amma yana da illa ta fuskoki biyu. Yana koya wa mace cewa aikinta jira ne. Sannan yana mayar da matsalar ta zama ta mugun hali na mutum ɗaya, alhali tsarin da ya ba Alhaji Abdu damar korar uwa da 'ya'ya tara ba tare da ko sisin ciyarwa ba yana nan daram bayan an kashe gobarar.

Akwai kuma matsalar Delu. A yawancin waɗannan labarai, mafi munin hukunci a kan wata macen yake faɗawa, wato kishiya ko uwar miji ko bazawara. Da wuya marubuciya ta tsaya ta tambayi abin da ya kai Delu zaman kanta tun farko. Mai yiwuwa ita ma wata Abu ce da ta gudu daga gidan wani Sarkin Noma, ba ta sami gwaggo ba. Matantakar da ta tsaya ga ceton mace tagari daga hannun muguwar mace ba ta kai rabin hanya ba.

6.0 Abin Da Matantaka Za Ta Iya Cimma

Abin mamaki shi ne yawancin abin da Rabi da Abu suke bukata yana rubuce a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. A mazhabar Malikiyya, ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko bayan saki. Renon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Mace tana da damar neman hul'i, tana kuma da damar neman alƙali ya raba aure idan ta tabbatar da cutarwa. Sadakinta da dukiyarta nata ne. Ke nan gibin yana tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ke faruwa a tsakar gida.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna abin da ake iya yi idan aka shiga wannan gibi da ilimi. An yanke mata hukuncin jefewa a Jihar Katsina a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta wanke ta a watan Satumba na 2003. Lauyoyinta, ciki har da Hauwa Ibrahim 'yar Hinna ta tsohuwar Jihar Bauchi, da fiƙihun Malikiyya suka kare ta: damar janye iƙirari, da hukuncin kwantaccen ciki, da kurakuran da aka yi a zaman kotun farko. A daidai lokacin, ƙungiyar BAOBAB ta su Ayesha Imam ta roƙi masu aiko da takardun koke daga ƙasashen waje su dakata, domin kurakuran da ke cikin takardun suna iya jawo wa wadda ake tuhuma cutarwa. Darasin a fili yake. Hujjar da aka ɗauko daga cikin gida ita ta yi aiki.

A ɓangaren dokokin gwamnati ma an sami motsi. Jihar Bauchi ta amince da dokar hana cin zarafin mutane a 2020, shekara ɗaya bayan gangamin ArewaMeToo da 'yan matan Arewa suka yi a kafafen sada zumunta, ta kuma sa hannu a dokar kare yara a ƙarshen 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. A ɗaya gefen kuma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata a 2016, Majalisar Tarayya ta sake ƙin wasu ƙudurori biyar da suka shafi mata a 2022. Wannan yana nuna cewa ana samun nasara a inda aka nemi kariya daga wata cuta sananniya, ana kuma cin karo da bango a inda kalmar daidaito ta sa mutane suka ji kamar za a taɓa hukuncin gado da aure.

Ta fuskar ilimi, ƙasar Katagum ba ta rasa ƙofofi ba. Tun da aka dawo da hedikwatar masarauta Azare a 1916 garin yake bunƙasa, yanzu ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Garin ya haifi Hajiya Maryam Yalwaji Katagum, wadda ta wakilci Nijeriya a hukumar UNESCO, ta kuma riƙe muƙamin ƙaramar ministar masana'antu da ciniki daga 2019 zuwa 2023. Wannan abin alfahari ne, kuma hujja ce a kan masu cewa boko yana lalata 'ya mace. Sai dai ba da 'ya'yan manyan gidaje ake auna ci gaban mata ba. Ana auna shi ne da yarinyar ƙauye mai ɗauke da farantin talla a tasha ranar kasuwa. Kasancewar akwai cibiyar tarayya sukutum a Ningi da aka keɓe don masu lalurar yoyon fitsari ya isa ya tuna mana abin da doguwar naƙuda, da nisan asibiti, da haihuwa kafin ƙashi ya yi ƙwari suke jawowa.

Batun talla shi ne inda iyakar matantakar taron bita take bayyana. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa matan kulle suna gudanar da sana'arsu ne ta hannun yara, kuma ribar tallar yarinya ita ake tarawa a yi mata kayan ɗaki. Ashe ke nan uwar da ta hana 'yarta zuwa makaranta ba lallai ne jahilci ya sa ta ba, lissafi ta yi. Idan yarinyar ta tafi aji, wa zai kai ƙosai da ƙuli-ƙuli kasuwa, da me kuma za a sayi gado da kwanuka? Barmani Coge ta daɗe tana yi wa mata waƙar su kama sana'a, amma sana'ar uwa a cikin kulle kan 'yarta take hawa. Duk mai son yarinyar ta zauna a aji dole ya samo wa uwar wata hanyar kai hajarta ga mai saye, ya kuma yi magana a kan nauyin kayan ɗaki da gara da al'ada ta ɗora wa iyaye mata. Wannan aiki ne da ya shafi maza da sarakuna da malamai, kuma ba a yinsa da Turanci a ɗakin taro na otal.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa matantaka, idan aka cire mata rigar baƙunci, tana nufin yarda da cikar mutuncin mace da kuma yarda cewa tsarin da ke tauye ta yana gyaruwa. Mun ga cewa wannan tunani yana da saiwa a tarihin jihadin da ya kafa Katagum. Mun kuma ga cewa marubuta irin su Hafsat Abdulwahid da Balaraba Ramat Yakubu sun fito da bukatun mace a fili, wato karatu da yarda a aure da abin hannu, amma zubin labaran da suka biyo bayansu ya fi dogara ga alhaki wajen warware rikici. Matantaka ba za ta kawar da talauci ita kaɗai ba, kuma ba za ta yi tasiri ba muddin ta tsaya a matsayin kishiyar addini a ƙasar da mata da kansu suke cika makarantun Islamiyya. Abin da za ta iya shi ne ta sanar da mace abin da yake nata, ta kuma matsa wa hukuma da dangi su miƙa shi.

A nan ne muke ganin aikin ɗalibanmu masu rubutu a wannan mujalla. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, an ga cewa akwai alƙaluma masu kaifi a hannun 'yan mata. Muna fatan a sami wadda za ta rubuta mana labarin wata Rabi ta Azare da ta je kotu neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta: yadda ta sami kuɗin mota, abin da maƙwabta suka ce, yadda yayanta ya yi fushi don ta tona asirin gida, sau nawa aka ɗage zama, da abin da ta samu a ƙarshe, ko da kaɗan ne. Muna fatan a sami wanda zai rubuta labarin Delu tun daga ƙuruciyarta, da na uban da ya aurar da 'yarsa saboda bashin taki. Irin waɗannan labarai sun fi wuyar rubutawa, domin sai marubuci ya je ya zauna a kotu da kasuwa da asibiti ya saurara, ya kuma buɗe Risala ya karanta. Amma mai karatun da ta gama su za ta rufe littafin ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.